Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Bakteriya da Tsutsar Saiwa a Lambunan Turawa

Gabatarwa

A shekarar 2016 wata 'yar tsutsa da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta faɗa wa gonakin tumatir a jihohin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, ta cinye ganye da 'ya'ya cikin 'yan kwanaki, har farashin kwando ya ninka sau da yawa a kasuwannin ƙasar nan. Gidajen rediyo da jaridu sun yi ta maganarta, gwamnatin Jihar Kaduna ma sai da ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Dalilin wannan hayaniya a fili yake, wato ɓarnar sharon a saman ƙasa take, kowa yana ganinta. Amma akwai wata tsutsar da ta daɗe da riga sharon shiga lambu, wadda ba a taɓa kafa dokar ta-ɓaci dominta ba, saboda a ƙarƙashin ƙasa take aikinta, kuma ido ba ya iya ganinta sai da madubin kimiyya mai ƙara girman abu. Masana suna kiran danginta nematod, ita kuwa wadda ta fi damun masu lambu ana iya kiranta tsutsar ƙullin saiwa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa manoman rani na Turawa da sauran ƙauyukan Ƙaraye da Rogo suna da abokin yaƙi da wannan tsutsa wanda ya cancanci a neme shi, wato wata ƙwayar bakteriya mai suna Pasteuria. Za a kuma nuna cewa abin da ya faru a filayen ciyawa na Amurka da lambunan Senigal ya isa darasi: wannan bakteriya ta fi yin amfani idan a cikin ƙasar wurin aka samo ta, aka rene ta a hankali, fiye da a jira ta zo cikin buhu daga ƙetare.

Ruwa ya zo, baƙuwa ta biyo shi

Tsakanin 1990 da 1992 kamfanin Julius Berger ya gina madatsar ruwa ta Challawa kusa da Turawa, a Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano. Madatsar tana da tsawon kusan kilomita 8, tana kuma iya riƙe ruwan da ya haura kubik mita miliyan 900. Babu mai musun albarkar da ta kawo. Matashin da a da yake tafiya cin rani da zarar an gama girbi, yanzu yana iya kafa injin ban ruwa a bakin tafki ya noma tumatir da attarugu da albasa da kuɓewa, masunta kuma suka sami wurin sana'a.

Sai dai noman rani yana sauya wani abu a cikin ƙasa wanda ba kowa ke lura da shi ba. A gonar damina, ƙasa takan bushe ƙayau na tsawon wata shida ko bakwai, babu ɗanyar saiwa, zafin bazara kuma yana gasa ta, saboda haka yawancin tsutsotsin saiwa sukan mutu kafin ruwan shuka. A lambu kuwa wannan hutu ya kau. Akwai laima, akwai ɗumi, akwai saiwa ɗanya kusan kowane wata, kuma tun da tumatir ne ke kawo kuɗi, shi ake maimaitawa a fangali ɗaya shekara bayan shekara. Wannan shi ne yanayin da tsutsar ƙullin saiwa ta fi so, shi ya sa take cikin manyan matsalolin kayan lambu a wuraren ban ruwa na arewacin Nijeriya da sauran ƙasashe masu zafi.

Wace ce wannan tsutsa?

Dangin nematod ba baƙi ba ne ga Bahaushe, ko da yake bai san su da wannan suna ba. Kurkunu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da shi daga Nijeriya a 2013, ɗan wannan dangi ne. Haka ma macijin ciki da tsutsar da ke kawo tundurmi. Waɗancan a jikin mutum suke rayuwa, ita kuwa tsutsar ƙullin saiwa, wadda sunanta na kimiyya Meloidogyne, a jikin tsiro take. An fara bayaninta a Ingila a 1855, lokacin da wani masani mai suna Berkeley ya ga ƙulle-ƙulle a saiwar kokwamba.

Jaririyar tsutsar ba ta kai rabin milimita ba a tsawo. Idan ta fito daga ƙwai sai ta bi laimar ƙasa har ta iso kan saiwa, ta huda da wani ɗan tsinke da ke bakinta, ta shige ciki. Da ta sami wurin zama sai ta zuba wa tsiron wasu sinadarai da ke tilasta wa 'yan ƙwayoyin halittar da ke kewaye da kanta su girma fiye da kima, su zama rumbun abincinta. Wurin sai ya kumbura ya zama ƙulli. Ita kuma ta daina motsi, ta yi ƙiba har ta zama kamar ɗan ƙaramin tulu fari, sa'an nan ta saka ƙwai kimanin 500 a cikin wani abu mai yauƙi a bayan saiwar. A yanayin zafi irin na Kano duk wannan yakan kammala cikin mako 3 zuwa 4, kuma nau'o'in da suka fi yawa a ƙasashe masu zafi ba sa bukatar namiji kafin su hayayyafa.

Ɗalibin lissafi yana iya gwada abin da wannan ke nufi. A ɗauka cewa daga cikin ƙwai 500, kashi ɗaya cikin goma ne kawai suka rayu, wato 50. A cikin wata uku da tumatir zai yi a gona za a sami zuriya uku, ke nan 50 sau 50 sau 50, wanda ya ba da 125,000 daga tsutsa guda.

Saiwar da ta cika da ƙulli ba ta iya jan ruwa da taki yadda ya kamata. Sai a ga tumatir ya tsumbure, ganyensa ya yi ɗorawa, yana yaushi da tsakar rana alhali fangalin a jiƙe yake. Manomi yakan zaci yunwa ce, ya ƙara buhun taki, ko ya zaci ƙishi ne, ya ƙara ƙona fetur a injin ban ruwa, duk a banza. Bugu da ƙari, raunin da tsutsar ta yi yana buɗe wa cututtukan yaushi ƙofa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani ƙiyasi da masana biyu, Sasser da Freckman, suka wallafa a 1987 ya nuna cewa nematod na rage amfanin manyan kayan gona na duniya da kimanin kashi 12 cikin 100, kuma asarar ta kusan kai kashi 15 a ƙasashe masu tasowa.

Akwai kuskure ɗaya da ya kamata a guje wa. Saiwar gyada da ta wake suna da 'yan ƙulle-ƙulle masu amfani, waɗanda gidajen wata bakteriya ce mai samar wa tsiro takin naitirojin daga iska. Waɗannan a gefen saiwa suke liƙe, ana iya murje su da yatsa su faɗi, kuma cikinsu ja-ja ne. Ƙullin tsutsa kuwa kumburin saiwar ce ita kanta, ba ya cirewa sai an karya ta.

Tarihin guba

Abin da ya fi saurin zuwa a zuciya shi ne a zuba magani. To amma tarihin magungunan kashe nematod tarihi ne na janyewa ɗaya bayan ɗaya. A 1977 aka gano cewa wani magani da ake kira DBCP ya hana ma'aikatan wata masana'anta a Kalifoniya haihuwa, daga baya kuma aka ga irin wannan a tsakanin leburorin gonakin ayaba na Amurka ta Tsakiya. Wani kuma, metil buromaid, an same shi yana lalata rufin ozon da ke kare duniya daga zafin hasken rana, saboda haka a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal aka tsayar da 2005 ga ƙasashe masu arziki da 2015 ga masu tasowa su daina amfani da shi. Shi kuwa kabofuran, wanda manoma suka fi sani da sunan Furadan, ƙwaya ɗaya daga cikinsa tana iya kashe ƙaramin tsuntsu. Amurka ta haramta samun burbushinsa a abinci daga ƙarshen 2009, kuma a 2017 aka sa shi cikin jerin sinadarai masu haɗari na Yarjejeniyar Rotterdam.

Dalilin wannan haɗari ba boyayye ba ne. Maganin da zai kai ga tsutsar da ke cikin ƙasa dole ya zama mai narkewa a ruwa ko mai yaɗuwa kamar iska, abin da ya narke a ruwa kuwa ruwa yakan tafi da shi. A Turawa wannan magana tana da nauyi na musamman, domin ruwan da ya sauka daga lambu tafki yake komawa, inda ake kamun kifi, ake shayar da dabbobi, kuma kogin Challawa na daga cikin kogunan da birnin Kano ke sha. Gubar da aka zuba a fangali ba ta tsaya a kan mai fangalin kaɗai ba.

Irin tumatir mai jure tsutsa ma yana da iyaka. Juriyar ta samo asali ne daga wani tumatirin daji na Amurka ta Kudu da aka haɗa da na gida a shekarun 1940, amma takan yi rauni idan zafin ƙasa ya wuce digiri 28 a ma'aunin santigiret, abin da ba baƙo ba ne a watan Maris da Afrilu. Har ila yau akwai nau'in tsutsar mai suna Meloidogyne enterolobii, wanda aka samu a Afirka ta Yamma, da wannan juriya ba ta tare shi.

Ciwon da ke kama tsutsa

Kamar yadda mutum ke da cututtukansa, haka tsutsa ke da nata. A 1888 masanin nan ɗan Rasha, Metchnikoff, ya ga wata bakteriya a cikin wani ɗan ƙwaron ruwa, ya raɗa mata suna Pasteuria domin girmama Louis Pasteur na Faransa. A 1906 Nathan Cobb ya ga irinta a jikin nematod. An daɗe ana kai-kawo kan ko mece ce, har sai 1985 da Sayre da Starr suka tabbatar mata da sunan Pasteuria penetrans. Daga nan an ba da rahoton danginta a jikin nau'o'in nematod fiye da 300 a ƙasashe da dama.

Yadda take aiki abin sha'awa ne. A cikin ƙasa tana zaune ne a matsayin ƙwaya mai ɓawo mai tauri, faɗinta bai wuce kashi 3 ko 4 cikin 1,000 na milimita ba. Ba ta motsi, ba ta cin komai, tana iya jure fari da zafi na shekaru. Idan jaririyar tsutsa ta gifta ta kusa da ita, sai ta manne a fatarta kamar yadda ƙarangiya ke kama bakin wando. Tsutsar ta shiga saiwa da ita, bayan 'yan kwanaki ƙwayar ta tsiro da wani siririn bututu ta huda fatar, ta shiga ciki ta fara yaɗuwa. Tsutsar tana ci gaba da ci tana ƙiba, amma mahaifarta ba ta samun girma, saboda haka ba ta saka ƙwai. A ƙarshe cikinta yakan cika da sababbin ƙwayoyin bakteriya kimanin miliyan 2, waɗanda ke watsuwa cikin ƙasa idan saiwar ta ruɓe. Idan ƙwayoyin da suka manne wa jaririya suka yi yawa, ko shiga saiwar ma yakan gagare ta.

Abubuwa uku ne suka sa ta dace da ƙasar Kano. Na farko, ta fi hayayyafa a zafin digiri 28 zuwa 35, wato daidai inda juriyar tumatir ke karyewa. Na biyu, bushewar rani da ke kashe wasu ƙwayoyin masu amfani ba ta yi mata komai. Na uku, ba ta iya rayuwa a jikin mutum ko dabba ko kifi ko tsiro. Masana a kudancin Ostareliya sun lura a farkon shekarun 1980 cewa tsofaffin gonakin inabi sun fi sababbi ƙarancin tsutsar ƙulli, kuma wannan bakteriya ta yawaita a cikinsu. A Jami'ar Fulorida ma, Dickson da abokan aikinsa sun bi gonakin gyada a shekarun 1990, suka ga yadda ɓarnar tsutsa ke raguwa shekara bayan shekara yayin da bakteriyar ke taruwa.

Darasin filayen golf

Abin mamaki, kuɗi masu yawa da aka kashe kan binciken wannan bakteriya daga wurin masu wasan golf suka fito. A Jihar Fulorida ta Amurka ana shuka ciyawar nan da manomin fadama ke nomewa yana tsaki, wato ƙiri-ƙiri, a matsayin shimfiɗar filayen wasa, ana ba ta ruwa da taki kamar amfanin gona. Ƙasar wurin rairayi ce, kuma akwai wata nematod mai suna Belonolaimus da ke tsotsar kan saiwar ciyawar daga waje har fili ya yi faci-faci. Maganin da suka dogara da shi, Nemacur, an soke rajistarsa a 2007, an kuma rufe amfani da ragowarsa a 2017. Dole ta sa aka nemi wata hanya.

Masu bincike a Fort Lauderdale, ƙarƙashin Giblin-Davis, sun sami wata Pasteuria da ke kama wannan tsutsa a cikin ƙasar wurin, suka kuma nuna cewa idan aka zuba ƙasa mai ɗauke da ita a filin ciyawa, yawan tsutsar yakan ragu bayan kimanin shekara guda. A 2003 aka sa mata suna usgae, daga sunan ƙungiyar golf ta Amurka da ta ɗauki nauyin aikin. Sai wani kamfani ya shiga renon Pasteuria a manyan tankuna, ya fito da ita kasuwa a 2010 da sunan Econem. Da masanin Jami'ar Fulorida, William Crow, da abokansa suka gwada ta, sakamakon da suka wallafa a 2011 bai yi daɗi ba: a cikin gwaje-gwaje 8 na fili, sau ɗaya tak aka ga alamar raguwar tsutsa, kuma babu inda lafiyar ciyawar ta ƙaru. Wata bakteriyar daban, Bacillus firmus, wadda aka sayar da sunan Nortica, ta ɗan fi nuna amfani wajen kare saiwa, amma sai an dace da lokacin zubawa.

Wannan labari bai rushe amfanin Pasteuria ba. Abin da ya nuna shi ne abu mai rai ba ya bin umarnin da aka rubuta a jikin buhu. Pasteuria tana da zaɓe ƙwarai, har ta kai wadda ke manne wa tsutsar wata gona tana iya ƙin manne wa 'yar'uwarta ta wata gonar, ko da nau'insu ɗaya. Idan filayen da ke da kuɗi da masana a kusa sun sayi abin da bai yi musu aiki ba, to manomin Turawa, wanda bashi ya ci ya sayi fetur da taki, shi ya fi kowa bukatar a gwada kafin a sayar masa.

Darasin Senigal

Misali na biyu ya fi kusa da gida. A shekarun 1990 masana na cibiyar binciken Faransa da ake kira ORSTOM a lokacin, cikinsu har da Thierry Mateille, sun bincika lambunan Senigal, suka tarar da Pasteuria tana nan da kanta a jikin tsutsar ƙulli, ba wanda ya kawo ta. Sun kuma gano cewa yawanta ya danganta da irin ƙasa da yadda ake ban ruwa. A rairayi tsantsa, ruwa mai yawa yakan wanke ƙwayoyin ya kai su ƙasa da inda saiwa take. A laka mai nauyi kuwa sukan maƙale, ba sa haɗuwa da tsutsa. Ƙasa mai rairayi da 'yar laka kaɗan ita ta fi riƙe su a inda ake bukata.

Ma'anar wannan ga Ƙaraye da Rogo ita ce, manomin da ke cika fangali da ruwa har ya yi ambaliya yana asarar fetur, yana wanke taki, kuma mai yiwuwa yana wanke abokin yaƙinsa. Takin gargajiya da ke gyara jikin jigawa yana taimakawa ta wannan fuska ma.

Abin da ya kamata a yi

Mataki na farko shi ne bincike. Ya kamata Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke aiki tun 1922 kuma take da tashar gwajin ban ruwa a Kadawa, tare da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero da hukumar KNARDA, su ɗebi ƙasa da saiwoyi daga lambunan da ke kewaye da madatsar Challawa, su tantance nau'in tsutsar da ke wurin, su kuma duba waɗanda ke ɗauke da Pasteuria. Wurin da ya fi cancanta a fara dubawa shi ne tsohon lambun da aka daɗe ana tumatir ko kuɓewa a cikinsa amma ƙulli bai dame shi ba, alhali na maƙwabta ya lalace. Manoma sun san irin waɗannan wurare, tambayarsu kawai za a yi.

Mataki na biyu shi ne reno. Tun 1980 Stirling da Wachtel na Ostareliya suka bayyana hanya mai sauƙi: a sa jariran tsutsa masu ɗauke da ƙwayar a tukwanen tumatir, bayan kamar mako 7 ko 8 a tuge, a wanke saiwar, a shanya ta bushe sarai, a niƙa ta zama gari. Wannan gari yana ajiyuwa na dogon lokaci ba tare da firiji ba. Tukwane da inuwa da turmi ba su fi ƙarfin kowace kwalejin aikin gona ba. Sai dai wajibi ne aikin ya kasance a hannun masana, domin garin saiwa ko ƙasar da aka kwasa daga wani lambu zuwa wani ba tare da dubawa ba tana iya kai cutar yaushi ko ƙwan tsutsar kanta inda babu su.

Mataki na uku shi ne a fara daga wurin renon iri. Lissafi ne ya tilasta haka. Ƙasar saman hekta ɗaya ta kai kimanin kilo miliyan 2. Idan ana son ƙwaya 10,000 a kowane giram, ana bukatar abin da tsutsa miliyan 10 masu ciwon za su samar, wanda ya yi yawa ga mai farawa. Amma wurin renon iri 'yan taku ne kawai, kuma daga nan ne ake ɗaukar dashe zuwa gona duka. Dashen da ya fito da ƙulli ya riga ya kai tsutsa ko'ina, wanda ya fito lafiya da ƙwayar bakteriya a ƙasar gindinsa kuwa ya kai magani.

Hujjar mai shakka

Mai shakka zai ce manomi ba shi da lokacin jira. Gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye masa ba: a shekarar farko zai ga ƙulli a saiwa, domin Pasteuria haihuwar tsutsa take hanawa, amfaninta sai a zuriya ta gaba. Shi ya sa ba za ta tsaya ita kaɗai ba. Kafin ta taru, akwai dabarun da ke rage tsutsa nan take. A tuge saiwar tumatir bayan girbi a shanya a ƙone idan lambun bai da bakteriyar, a kifar da ƙasa ta sha ranar bazara, a juya shuka da gero ko dawa ko gyada, a zuba kashin kaji ko tunkuzar 'ya'yan darbejiya makonni kafin dashe. Wurin renon iri kuma ana iya jiƙa shi a rufe da farar leda na mako 4 zuwa 6 a lokacin zafi, dabarar da Katan ya bayyana a 1976. Zafin yakan kashe tsutsa, amma ƙwayar Pasteuria mai ɓawo ta fi ta juriya.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Da yawa daga masu noman rani haya ko aron fili suke yi na shekara guda, kuma wanda bai san ko zai dawo baɗi ba, ba zai yi wahalar gyara ƙasar da wani zai ci moriyarta ba. Wannan ba matsalar kimiyya ba ce, ta masu filaye ce da ƙungiyoyin manoma da masu unguwanni da dagatai. Idan ana son lafiyar ƙasa ta ɗore, sai an sami yarjejeniyar haya ta shekaru uku ko fiye. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa aikin ya fi dacewa da jami'a da hukuma fiye da ɗan kasuwa, tun da abin da ke hayayyafa da kansa a gona ba ya kawo ciniki kowace shekara.

Rawar makarantu

Makarantun sakandare na Ƙaraye da Rogo suna iya fara wannan aiki tun kafin masana su iso. Malamin aikin gona yana iya fita da ɗalibai a ƙarshen girbi, da izinin masu lambu, su tuge tsiro goma a kowane lambu, su wanke saiwa, su ba ta maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yawan ƙulli, su rubuta irin ƙasar, da shekarun da aka yi ana noma ta, da abin da aka shuka bara. Makarantar da ke da madubin kimiyya tana iya ƙarawa da dabarar da ta samo asali daga Baermann a 1917: a shimfiɗa takarda mai laushi a kan rariya, a zuba ƙasa kaɗan, a ɗora a faranti mai ruwan da ya taɓa ƙasar daga ƙasa. Bayan kwana ɗaya ko biyu tsutsotsin za su sauko cikin ruwan. A madubi mai ƙara girma sau 400 ana iya ganin ƙwayoyin Pasteuria a jikin jaririya kamar 'yan ƙananan ƙoƙuna a kife. Littafin da aji ɗaya ya cika da irin wannan bayani na shekara uku zai nuna wa mai bincike daidai inda zai sa fartanyarsa.

Kammalawa

Madatsar Challawa ta haura shekara 30, kuma kowace shekarar noman rani tana ƙara wa tsutsar saiwa dama a fangalin da ba ya hutawa. Hanyar guba an bi ta a wasu ƙasashe an dawo, hanyar buhun bakteriya daga nesa ma an gwada ta a filayen Fulorida ba ta biya ba. Abin da ya rage shi ne aikin haƙuri: a tambayi manoma, a duba ƙasarsu, a reni abin da aka samu, a gwada shi a fili kafin a yi shela. Ɗalibin Turawa da ya tuge tumatir yau ya dubi saiwarsa da kyau ya riga ya ɗauki matakin farko, saura jami'o'i da hukumomin aikin gona su same shi a can.